Ranar da Na Ƙwace Wayar Ɗana

Wanda ya san Duwala ya san ruwan watan Agusta. Ba ya sallama, ba ya ban kwana. Sai ya kwana ya wuni yana zuba, kwatocin New Bell su cika su tumbatsa, 'yan bensikin su ninka kuɗin hawa. Ranar da zan ba ku labarinta, tun azahar na ga babu alamar mai sayen ko yadi ɗaya, sai na ce wa yaron shago ya ja ƙofa. Na baro Marché Congo da takalmi a hannu, wando a naɗe har gwiwa, na iso gida a lokacin da ba a saba ganina ba.

Na tarar da yara uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ko sallamata ba su ji ba. Autarmu, 'yar shekara 8, tana share hawaye da bakin hijabinta. Na ce, "Me kuke kallo haka?" Babbansu, ɗan shekara 15, ya ce, "Manga ne, Baba."

Ni dai a iya zamana a garin nan Manga ɗaya na sani, shi ne Rudolf Duala Manga Bell, sarkin da Jamusawa suka rataye a 1914 bayan ya ƙi yarda a tashi mutanensa daga bakin ruwa a turo su bayan gari, nan inda ya zama New Bell ɗin da muke zaune yau. Ashe yaran yanzu suna da wani manga daban, wato katun ɗin ƙasar Japan. Na karɓi wayar na duba. Me zan gani? Yara biyu a cikin ɗaki da dare, sun zana da'ira a ƙasa da wasu rubuce-rubuce, sun yanki yatsunsu suna ɗiga jini a tsakiya. Na ce innalillahi, tsafi a cikin gidana! Na jefa wayar a aljihu, na fara faɗa, na haɗa har da uwarsu da ke kicin wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Yaron ya bari sai da na gaji, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, uwarsu ce ta rasu. So suke su dawo da ita."

Faɗan ya tsaya mini a maƙogwaro. Ban mayar masa da wayar ba, don uba ba ya janye hukunci a gaban ƙanne. Amma da dare, bayan kowa ya kwanta, na tashe shi na ce ya buɗe mini daga farko. Faransancina na kasuwa ne, ya ishe ni ciniki da rigima da masu karɓar haraji, bai ishe ni bin magana mai sauri ba, don haka shi ya zama tafintana. Abin da na ɗauka kallon dare ɗaya ne ya cinye mana kusan wata biyu. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya ya yi haƙuri, zan ɓata masa wasu wurare.

Sunan shirin Fullmetal Alchemist. Wata mata ce ta ƙirƙiro shi, Hiromu Arakawa, 'yar tsibirin Hokkaido a arewacin Japan, wadda ta tashi a gidan makiyaya masu tatsar madara, har ma idan za ta zana kanta sai ta zana saniya sanye da tabarau. Ta fara fitar da labarin a mujalla a 2001, ta gama a 2010, ya cika littattafai 27. Sau biyu aka mayar da shi katun na talabijin: na 2003 mai kashi 51, da na 2009 mai kashi 64, wanda aka ƙara wa sunansa Brotherhood. Na biyun muka kalla, shi ne ya fi bin littafin sau da ƙafa.

A duniyar labarin akwai wani ilimi da ake kira alkimiya, wanda mai shi zai iya juya abu ya zama wani abu: ya taɓa ƙasa ta zama bango, ya taɓa fasasshiyar rediyo ta koma sabuwa. Sai dai ilimin yana da doka ɗaya da ba a tsallakewa, kuma nan ne ɗan kasuwa zai gyara zama. Ba ka samun komai sai ka ba da wani abu daidai ƙimarsa. Ba ni gishiri in ba ka manda. Da yaron ya fassara mini, na ce masa ai wannan ba sai an je Japan ba, ka zo shago gobe in nuna maka.

To, uwar da ake magana sunanta Trisha Elric, a wani ƙauyen makiyaya mai suna Resembool. Idan ka tara duk lokacin da ta fito a cikin kashi 64 ɗin nan, ba na jin zai kai tsawon zaman shan shayi ɗaya. Ba ta yaƙi, ba ta da ilimin alkimiya, ba ta da muƙami. Ana nuna ta tana shanya, tana ɗauke da kwandon kayan lambu, tana sunkuyawa ta duba abin da yaranta suka ƙera. Mijinta, Van Hohenheim, ya tashi wata rana da asuba ya ɗauki akwatinsa ya fita, yaran suna kallon bayansa daga bakin ƙofa, bai dawo ba. Edward da ƙaninsa Alphonse suka shiga ɗakin littattafan da uban ya bari suka koya wa kansu alkimiya, ba don komai ba sai don sun lura duk lokacin da suka ƙera wani ɗan abu, uwar tana murmushi. Ana nan cuta ta kama ta, ta rasu, babban yana ɗan shekara 5.

Shi ke nan labarinta fa. Amma duk abin da ya biyo baya, yaƙe-yaƙe da tafiye-tafiye da asirin gwamnati da aka tono, daga kabarin matar nan ya taso.

Yaran suka zauna suka yi lissafi. Suka ce tunda komai yana da ƙima, ai mutum ma haɗi ne. Suka rubuta abin da ke cikin jikin babban mutum kamar yadda nake rubuta odar kaya: ruwa lita 35, sinadarin gawayi kilo 20, farar ƙasa kilo ɗaya da rabi, gishiri giram 250, farar wuta giram 80, ƙarfe giram 5, da sauran tarkace. Shi Edward da kansa ya ce kuɗin kashewar yaro ma ya isa ya saye su a kasuwa. Suka tara kayan cif-cif, babu ragi. Suka ɗiga jininsu a madadin rai. Edward yana da shekara 11, Alphonse 10.

Abin da ya fito daga da'irar ba zan kwatanta shi ba, kuma shi ya sa na hana autar ci gaba da kallo. Edward ya rasa ƙafarsa ta hagu. Alphonse ya ɓace gaba ɗaya, jiki da komai. Yayan, yana kwance cikin jini, ya ba da hannunsa na dama don ya riƙo ran ƙaninsa ya ɗaure shi a cikin wani tsohon sulke na ƙarfe da ke jingine a ɗakin. Daga nan yaro ɗan shekara 10 ya koma rigar ƙarfe mai tafiya, ba ya ci, ba ya barci, ba ya jin ɗumin hannun kowa. Sun biya ƙafa, sun biya hannu, sun biya jiki guda, ba a ba su ko muryarta ba. Can gaba ma Edward ya koma ya tone abin da suka binne, ya auna ƙasusuwan, ya duba gashin, ya gano ko kusa ba uwarsu ba ce.

A nan na ce wa yaron ya tsayar, ya je ya kwanta. Ni kuma na zauna a tsakar gida har aka kira assalatu.

Don ni ma na taɓa yin wannan lissafin.

A Garwa aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falke ne na goro, ya kan yi wata huɗu, wata biyar a kudu. Abin da na fi sani nasa ina yaro shi ne bayan rigarsa idan zai fita, da ƙanshin ganyen goro idan ya dawo. Inna ce gidan. Ita ce mai ƙosai da safe, mai ƙuli-ƙuli da yamma, ita ce mai biyan kuɗin Laraba a makarantar allo, ita ce mai zuwa ba da haƙuri idan na fasa wa ɗan maƙwabta kai. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. "Kai wannan," ko "Ina yaron nan?" Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta yabona a bayan mutane ma, in dai zan ji. Da na ga Trisha tana rungume yaranta tana ce musu sun yi ƙoƙari, na yi dariya na ce wannan ba Bahaushiya ba ce. Namu yabon a cikin kwano yake. Ka buɗe tuwonka ka tarar da tsokar da babu ita a kwanon kowa, ka ɗaga kai, ita kuma ta kau da fuska.

Na sauko Duwala ina saurayi, na fara da tallan agogo da tabarau a Akwa. Ina fara tsayawa da ƙafafuna aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan da muke sarowa suka ninka kuɗi cikin dare ɗaya, na koma kamar ban fara ba. Tun daga nan na buɗe wa Inna shafi a cikin kaina. Na rubuta: kwanon rufi, kaza. Siminti na ɗakinta, kaza. Kujerar Makka, kaza. Na ce ranar da na cika wannan lissafi na biya ta. Duk wanda zai hau arewa sai in ba shi saƙo, atamfa ko ɗan kuɗi a ambulan, ita kuma amsarta ɗaya ce kullum: a gaya masa an gani, Allah ya yi albarka, yaushe zai zo? Ni kuma in ce bayan salla. Bayan salla in ce bari kaya su fito daga tashar jirgin ruwa. Shekara huɗu na jera ban taka Garwa ba, ina tara kuɗin kujera, don ina jin kunyar in je mata hannu rabi.

An yi rufin. An yi simintin. Kuɗin kujera saura kaɗan, sai aka aiko yaro daga shagon wani ɗan garinmu mai tarho, wai in zo ana nemana. Kun san irin wannan kiran. Na hau mota zuwa Yawunde, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, na sake hawa mota zuwa Garwa. Ko da na isa, ana shirin sadakar uku. Mu ba ma ajiye gawa ta jira ɗan da ke Duwala, kuma haka ne daidai. Ƙanwata ta miƙo mini wata jakar leda daga ƙarƙashin gadonta. Atamfofin da na yi ta aikowa ne, guda shida, ko ɗinka su ba ta yi ba. Wai ta ce sai ranar da zan zo za ta sa.

Ni mai sayar da atamfa ne. Na san kuɗin kowace ɗaya a cikin ledar nan har da na dako. Lissafina bai yi kuskure ko na dala ɗaya ba, kamar yadda na yaran can bai yi ba.

Wannan ciwon na san da shi, shekara da shekaru muna tare. Wanda ban shirya masa ba shi ne na biyu. Muna cikin kallo, kusan kashi na 20, sai ga uban ya dawo ƙauye bayan wajen shekara goma. Ya tarar matar ta rasu, yaran sun ƙone gidan da hannunsu sun shiga duniya. Edward ya same shi tsaye a bakin kabari. Irin kallon da yaron ya yi masa, da yadda ya ƙi kiransa uba sai dai ya kama sunansa gatsal, sai na ji ɗana ya yi tsaki ya ce, "Mutumin banza." Na ce, "Kai, ba ka san dalilinsa ba." Ya ce, "Ko mene ne dalilinsa, Baba, ai ba ya nan."

Kuma fa yana da dalili. Labarin ya nuna daga baya cewa mutumin ya yi ɗaruruwan shekaru a duniya ba ya tsufa, ya fita ne don ya tare wata masifa da za ta cinye ƙasar baki ɗaya har da iyalinsa, yana kuma neman hanyar da zai zama mutum kamar kowa, ya tsufa tare da matarsa. Hoton iyali ɗaya tak suka ɗauka, kowa yana murmushi, shi yana kuka. Matar ta san dalilin, ba ta taɓa zaginsa a gaban yara ba. Da za ta rasu ta bar saƙo a gaya masa ya yafe mata, ba ta iya cika alkawari ba, ta riga shi tafiya. Sai bayan shekaru saƙon ya iso masa ta bakin ɗan da ya tsane shi. Ƙato da gemu ya fashe da kuka.

Jama'a, wane ne a cikinmu ba shi da dalili? Wanda ya bar mata da 'ya'ya a Marwa ko Kano ko Maraɗi yana zuwa sau ɗaya a shekara, dalili gare shi. Wanda ya wuce Libarbil ko Malabo ya shekara uku saboda takarda, dalili gare shi. Ni da na kawo iyalina nan kusa da ni ina ganin na fi su. Amma ina fita bayan asuba yara suna barci, in dawo bayan isha'i, in tsaya majalisa wajen mai shayi, in shigo suna barci. Lahadi ma da rabin kasuwa ke rufe, akwai taron 'yan gari, akwai ɗaurin aure, akwai bin bashi. Da aka ƙirƙiro tura kuɗi ta waya sai abin ya ƙara mana sauƙi. Uwar yara ta kira ta ce wane ba shi da lafiya, kafin ta rufe baki ka tura ta Orange Money ko MoMo, ka ce an gani? Ta ce an gani. Ka ji ka sauke nauyi. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Wa ya kwana a asibiti da yaron yana rawar ɗari? Wa ya ɗaga katifu ya ɗora a kan tebur da ruwa ya shigo ɗaki ƙarfe biyun dare? Wa ke zuwa lakwal idan an kira iyaye, ta zauna ana zuba mata Faransancin da rabinsa take ji, ta dawo ta sa wannan ya fassara mata laifin wancan? Kuma akwai aikin da ba mu ma lissafa shi. 'Ya'yanmu a New Bell da Faransanci suke wasa, da shi suke faɗa, da shi suke kallon mangan nan. Hausar da ta rage a bakinsu, ta uwarsu ce. Ranar na ji autata ta ce "wash" da ta buge ƙafa, da irin muryar uwarta sak. Ba a wajena ta koya ba, don ba na nan lokacin da take buge ƙafa.

Ba zan ce komai na shirin ya gamsar da ni ba. Trisha ta cika kyau. Ba ta tsawa, ba ta gajiya, ba ta taɓa jifan kowa da takalmi ba. Da farko na ɗauka rauni ne na marubuciyar, sai daga baya na lura ba matar ake nuna mana ba, abin da yaro ɗan shekara 5 ya riƙe nata ake nunawa. Ni ma idan na tuna Inna yanzu, tsokar nan nake tunawa, ba na tuna muciyar da ta karya a bayana. Uwar da ta mutu ba ta da laifi. Mai rai ce ke shan ƙorafi, ita ce "Mama ta cika faɗa," ita ce miyarta ta yi gishiri. Tatsuniyoyinmu ma haka suke, uwar marainiya kullum ta kirki ce tunda tana kabari, mugunta sai a ɗora wa kishiyar uwa.

Inda matar nan ta Japan ta burge ni shi ne ba ta bi wannan hanyar ba. Hausawa suna cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ita kuwa sai ta ba marayun nan mata biyu, babu muguwa a ciki. Akwai tsohuwa Pinako, maƙwabciyarsu, 'yar guntuwa da lofe a baki, maƙeriyar hannu da ƙafa na ƙarfe. Ita ma tana riƙon jikarta Winry, wadda iyayenta likitoci ne aka kashe su a wajen yaƙi. Ita ta ciyar da yaran, ita ta karɓe su daren da sulke ya shigo mata ɗauke da yaro jina-jina, ita da jikarta suka ƙera wa Edward hannu da ƙafa. Ba ta taɓa ce musu ku zauna ba, ba ta taɓa rufe musu ƙofa ba. Duk wanda ya sauka New Bell da jaka ɗaya ya san irin wannan tsohuwa. Kowane layi akwai Hajiyar da ba ta haife ka ba, amma ta san ba ka ci abinci ba tun daga yadda ka yi sallama.

Sai kuma malamarsu, Izumi Curtis, matar wani ƙaton mahauci. Wannan ita ce tamu. Ta fi sojoji iya faɗa, amma duk wanda ya tambaye ta ko ita wace ce sai ta ce matar gida ce kawai. Ta kai yara ƙanana tsibiri ta ajiye su wata guda da wuƙa ɗaya don su koyi darajar rai. Da suka dawo mata bayan shekaru ta gane abin da suka aikata, ta lakaɗa musu duka, sannan ta jawo su ta rungume, har da na ƙarfen. Ashe ita ma ta taɓa yi. Ɗanta ya zo babu rai, ta gwada dawo da shi, aka karɓe wasu kayan cikinta, ta koma mai aman jini, haihuwa kuma ta ƙare mata. Yara sun nemi uwa, uwa ta nemi ɗa, duka aka sallame su da asara. Uwargidana, wadda take cewa ita ba ta kallon zanen yara, a wannan wurin na waiga na gan ta tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Mun binne biyu kafin a samu wannan mai wayar. Ba ta ce komai ba, ta koma kicin.

Na san tambayar da ke bakin wasu, don ita ce ta fara zuwa bakina: ya halatta yaranmu su kalli ana ƙoƙarin tayar da matacce? Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da na gani da idona shi ne labarin bai taɓa nuna abin ya yiwu ba. Duk wanda ya gwada an hukunta shi, kuma a ƙarshe yaran da bakinsu suka yarda wanda ya mutu ya tafi ke nan. Amma akwai abin da ban so ba. Akwai wata farar halitta marar fuska a bakin wata ƙofa, da ke kiran kanta da sunaye har da wanda bai dace da kowa ba sai Mahalicci. A nan na tsayar na yi wa yaron bayani, na kuma ji daɗi da ya riga ni cewa a'uzubillahi. Akwai jini da yawa, akwai wani uba da ya yi wa 'yarsa abin da har yau ba na son tunawa. Na 2003 kuma, yaron ya ce mini a can abin da suka haɗa ya tashi ya zama abokiyar gaba mai fuskar uwarsu, na ce to wannan ka bar shi sai ka ƙara girma. Ƙasa da shekara 13 dai ban ba da shawara ba, kuma ko babba ne, a zauna da shi. In ka ƙwace wayar ka tafi, gobe zai kalla a ta abokinsa, ba tare da kowa a gefensa ba.

Da na ba wani malami da muke salla tare labarin, bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya tuna mini Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara 6 mahaifiyarsa ta rasu a Abwa a kan hanya, kuma bayan ya girma ya ziyarci kabarinta ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Sannan ya kawo mini labarin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Ka ji falke irinmu, ya dawo ya tarar an binne. Ya tambaya ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, ya ba da gonarsa. Malam ya ce, "Alhaji, ba biya ake yi ba. Aikawa ake yi." Kuɗin kujerar nan da suka rage, dama tun tuni na rasa abin da zan kira su, na juya su a kasuwa sun haihu. Bana in Allah ya yarda rijiya za su zama a unguwarmu ta Garwa.

Kusa da ƙarshen shirin, bayan Edward ya sadaukar da iliminsa gaba ɗaya ya karɓo jikin ƙaninsa, bayan uban ya koma ya durƙusa a gaban kabarin matarsa rai ya fita a nan, Alphonse ya kawo wata sabuwar doka da suke so su gwada. Wai idan an ba ka goma, kada ka mayar da goma, ka ɗora naka ɗaya ka mayar da sha ɗaya. Ɗana yana ta ƙoƙarin fassara mini kamar wani babban ilimi. Na ce, "Tsaya, ai gyara ke nan." Ya ce, "Mene ne gyara?" Yaron da aka haifa a gidan 'yan kasuwa bai san gyara ba! Na ce idan kakarka ta ƙirga wa yaro ƙosai na dala biyar, sai ta ɗauki ɗaya ta ɗora, wannan ba a cikin kuɗinsa yake ba. Ya ce, "Kullum?" Na ce kullum, ko ranar da ba ta ci riba ba. Ya ce, "Yaya kamanninta?" Sai na tashi na buɗe akwati na ɗauko masa tsohon katin shaidarta, don shi ne kaɗai hotonta da muke da shi. Ya daɗe yana kallo, ya ce hancin auta ne.

Alhamis ɗin da ta biyo baya babu ruwa, kasuwa tana ci, amma ana idar da la'asar na bar wa yaron shago makulli. Na tsaya wajen masu soya na sa aka naɗe mini ta dubu biyu, na ce a ƙara yaji. Na yi sallama a gida rana ba ta faɗi ba. Uwargida ta fito daga kicin da sauri tana goge hannu a zani, ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta sake dubana.

Ta ce, "Alhaji, lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce babu kowa.

Ta ce, "To me ya faru da shagon?"

Na ce shago yana nan ƙalau, zuwa kawai na yi.

Ta yi shiru tana nazarina kamar kuɗin da ake shakkar jabu ne. Can ta karɓi ƙunshin ta ce, "To tunda ka zo, famfon nan wata uku ke nan ina gaya maka yana zuba."